DARASI: ABIN DA YA FARU A JIHAR KANSAS KAN HARAJI, BINDIGA DA KUƊIN MAKARANTU

Darasinmu na wannan fitowa zai kai mu ƙasar Amurka, wata jiha da ake kira Kansas, domin mu ga yadda hukuncin da 'yan majalisar jiha suka yanke a zauren taro yake biyo mace har madafinta da ajin ɗanta. Da yawa daga cikinmu in an ce haraji ko kasafin kuɗi sai mu ce ai wannan zancen maza ne. To amma duk wadda ta taɓa riƙe kuɗin cefane ta ga wata bai ƙare ba kuɗin sun ƙare, ta riga ta san rabin wannan karatu.

Wace ce Kansas?

Kansas jiha ce a tsakiyar Amurka, mai mutane kusan miliyan 3, ta yi suna wajen noman alkama da kiwon shanu. Babban birninta Topeka, birni mafi yawan jama'a kuma Wichita. Tana da gwamna da majalisu biyu, ta dattawa mai kujeru 40 da ta wakilai mai kujeru 125, sannan ga ƙananan hukumomi 105, ban da hukumomin birane da na makarantu. Tsarin ba baƙo ba ne a wurinmu, domin Nijeriya ta ari salon mulkin shugaba mai cikakken iko irin na Amurka tun 1979. Bambancin shi ne jihar Amurka ita ke tara mafi yawan kuɗin da take kashewa, ta hanyar harajin kuɗin shiga da harajin sayayya, ƙananan hukumomi kuma su dogara da harajin gidaje da filaye. Haka nan jiha tana da ikon yin dokokinta a kan riƙe bindiga, alhali a Nijeriya maganar makamai ta gwamnatin tarayya ce kaɗai. Wani abu kuma da ya kamata a riƙe: dokokin Kansas ba su yarda jiha ta rufe shekara da giɓi ba. In kuɗi suka gaza, ko dai a rage aiki ko a nemo su a wani wuri.

Alƙawarin 2012

A 2011 Sam Brownback na jam'iyyar Republican ya hau kujerar gwamna. A watan Mayun 2012 ya sa hannu a dokar rage haraji mafi girma a tarihin jihar. Dokar ta sauko da harajin masu samu da yawa daga kashi 6.45 cikin ɗari zuwa kashi 4.9, na masu ƙaramin samu kuma daga kashi 3.5 zuwa kashi 3. Babban abin da ya ja hankali shi ne ta yafe haraji gaba ɗaya a kan ribar ƙananan kamfanoni da gonaki da sana'o'in da mutum yake yi da sunan kamfaninsa. Wato likita ko lauya mai ofishinsa zai iya kwashe ribarsa bai ba jiha ko kwabo ba, amma sakatariyar da yake biya albashi ita za ta ci gaba da biya.

Hujjar gwamnan tana da daɗin ji. Ya ce in aka bar wa masu sana'a kuɗinsu za su faɗaɗa kasuwanci, su ɗauki ma'aikata, mutane su yi ƙaura zuwa jihar, daga baya abin da aka yafe ya dawo baitulmali ta wata ƙofa. Ya kwatanta dokar da allurar ƙarfi da ake yi wa zuciya, ya kuma kira ta gwaji da kansa. Masanin tattalin arziki Arthur Laffer, wanda ya daɗe yana yaɗa wannan ra'ayi tun zamanin Shugaba Reagan, shi ya ba shi shawara.

Rana ba ta ƙarya

Da dokar ta fara aiki a 2013, abin da jiha ke samu daga harajin kuɗin shiga ya faɗi da kusan dala miliyan 700 a shekarar kuɗi ta 2014. An yi hasashen masu sana'a 191,000 ne za su ci moriyar yafiyar, sai ga sama da 330,000 sun ci. Ayyukan da aka yi alƙawari kuwa ba su zo yadda aka faɗa ba, domin a waɗannan shekaru bunƙasar Kansas ta gaza ta ƙasa baki ɗaya. Magoya bayan gwamnan sun ce faɗuwar farashin amfanin gona da na man fetur ce ta jawo, kuma gaskiya ne farashin ya faɗi. Sai dai ko mene ne dalili, malamai da ma'aikatan asibiti ba za su jira farashin alkama ya tashi kafin a biya su ba.

Daga nan aka shiga kwashe nan a toshe can. An cinye ajiyar jiha, aka riƙa ɗibar kuɗin gyaran hanyoyi har mutanen jihar suka sa wa ma'aikatar sufuri laƙabin banki. An jinkirta zuba kuɗi a asusun fanshon ma'aikata. Kamfanonin da ke auna ƙarfin biyan bashi, Moody's da S&P, suka rage darajar jihar a 2014. A 2015 wasu makarantu sun sallami yara kafin lokacin hutu saboda rashin kuɗi. Yankin Twin Valley ya rufe da saura kwana 12.

Wa ya biya?

Uwargida, nan ne ya kamata ki natsu. Tun a 2013 ya kamata harajin sayayya ya sauko daga kashi 6.3 zuwa 5.7, sai aka tsayar da shi a 6.15. A 2015 aka ɗaga shi zuwa 6.5, aka ƙara na taba sigari. Kansas kuwa tana cikin jihohi ƙalilan da a lokacin suke karɓar cikakken harajin sayayya a kan kayan abinci, ga shi dokar 2012 ta soke rangwamen da ake mayar wa talakawa a kan wannan haraji.

Mu yi lissafi, alal misali. Gidan da ke cefanen dala 200 a mako zai biya dala 13 haraji, a shekara dala 676. In mai gidan yana samun dala 25,000 a shekara, wannan kusan kashi 3 cikin ɗari ne na duk samunsa. In kuwa dala 250,000 yake samu, bai kai ko rabin kashi ɗaya ba. Kin ga kuɗin ɗaya ne amma nauyin ba ɗaya ba ne. Shi ya sa masana suke cewa harajin sayayya ya fi danne mai ƙaramin ƙarfi, don shi duk abin da ya samu a kasuwa yake ƙarewa. Don haka abin da aka kira rage haraji, a wurin wasu gidaje sauya wa kaya kai ne kawai.

Maganar bindiga

A daidai waɗannan shekaru majalisar tana wani aikin. Gyara na biyu na tsarin mulkin Amurka, na 1791, ya yi maganar 'yancin riƙe makami, kuma a 2008 Kotun Ƙoli ta ce 'yanci ne na kowane mutum, a 2010 ta ce ya hau kan jihohi da birane. Amma a ina za a riƙe, wa zai riƙe, da wane sharaɗi, wannan jihohi ke tsara mafi yawansa. A Kansas tun 2007 ake ba da lasisin ɓoye bindiga a jiki bayan horon awa 8. A 2014 majalisa ta karɓe ikon birane da ƙananan hukumomi na yin nasu dokokin bindiga. A 2015 kuma aka yarda duk wanda ya kai shekara 21, in doka ba ta haramta masa mallaka ba, ya ɓoye bindiga a jiki ba lasisi ba horo. Masu goyon baya sun ce mutumin kirki bai kamata ya nemi izini kafin ya kare kansa da iyalinsa ba, kuma ɓarawo dama ba ya neman lasisi. Masu adawa sun ce makami ba horo haɗari ne ga mai shi da na kusa da shi.

To ina haɗin bindiga da kasafin kuɗi? Wata dokar 2013 ce ta haɗa su. Ta ce ba za a hana shiga ginin gwamnati da bindiga ba sai in an sa na'urar gano ƙarfe da masu gadi a ƙofofin shiga. An ba jami'o'i da asibitoci wa'adin shekara 4. Da wa'adin ya matso a 2017, sai gwamnati ta nemi dala miliyan 24 na shekara biyu don tsaron asibitocin jiha, a lokacin da take fuskantar giɓin kusan dala miliyan 900. Majalisa ta ga ba ta da kuɗin, sai ta cire asibitocin gwamnati da cibiyoyin masu taɓin hankali daga dokar, gwamna ya bar gyaran ya zama doka ba tare da sa hannunsa ba. Jami'o'i ba su samu wannan sassauci ba, daga 1 ga Yulin 2017 aka fara shiga harabarsu da bindiga. Dokar da babu maganar kuɗi a sunanta, ga ta ta zo da takardar biya.

Yadda aka juya akala

Abu uku suka haɗu. Na farko kotu. A shari'ar Gannon, wadda wasu hukumomin makarantu suka shigar a 2010, Kotun Ƙolin jihar ta yanke a 2014 cewa ba a raba kuɗin ilimi da adalci tsakanin yankunan masu hali da na talakawa, a 2017 ta ce kuɗin ma ba su isa ba. Na biyu iyaye. A 2013 wata uwa ta taka a ƙasa kusan mil 60 zuwa Topeka don jan hankali kan kuɗin makarantu, daga baya wasu iyaye na ƙungiyar Game On for Kansas Schools suka riƙa maimaita tattakin. Na uku akwatin zaɓe. A zaɓen fid da gwani na Agustan 2016, wanda mutane da yawa ba sa damuwa da shi, 'yan Republican masu sassaucin ra'ayi sun kayar da da yawa daga cikin na hannun daman gwamna.

A 2017 wasu mata 'yan majalisa daga jam'iyyun biyu suka riƙa zama tare suna neman matsaya, aikinsu ya taimaka wajen samar da ƙudurin da ya soke yawancin dokar 2012. Gwamna ya hau kujerar na-ƙi, sai majalisa ta tsallake shi a ranar 6 ga Yuni: ƙuri'a 27 da 13 a dattawa, 88 da 31 a wakilai. A dattawan 27 ɗin ake buƙata cif, da mutum ɗaya ya noƙe da an faɗi. Ku lura, jam'iyyar gwamnan ce ke da rinjaye a majalisun biyu. A 2018 Laura Kelly ta Democrat ta ci gwamna. A 2022 aka yi dokar cire harajin jiha daga kayan abinci sannu a hankali: kashi 4 a 2023, kashi 2 a 2024, aka gama da shi a Janairun 2025, ko da yake na birane ya saura. A 2024 ma an sake rage harajin kuɗin shiga, wannan karon bayan jiha ta tara rarar kuɗi. Dokokin bindiga kuwa ba a juya su ba. A 2021 ma majalisa ta tsallake na-ƙin Kelly ta ba 'yan shekara 18 zuwa 20 damar samun lasisi.

Abin da za mu ɗauka

Na ɗaya, in aka yi alƙawarin rage haraji ko ƙara aiki, a tambaya daga wane aljihu, kuma in hasashen bai tabbata ba me za a fara yankewa. Na biyu, a duba wa nauyin ya sauka a kansa, kada a tsaya ga sunan da aka raɗa wa doka. Na uku, kujerar ɗan majalisar jiha da ƙaramin zaɓen fid da gwani su suka yanke wannan magana, ba fadar shugaban ƙasa ba. Na huɗu, an yi dokar cikin 'yan watanni, amma sai da aka shekara 5 kafin a warware ta, shari'ar makarantu kuma ba a rufe ta ba sai 2024. Yaron da ya shiga aji ɗaya a shekarar da aka shigar da ƙarar ya gama sakandare kafin nan. Gani ga wane dai ya isa.

Tambayoyin nazari

A tattauna waɗannan a zaman unguwa ko tare da maigida da manyan yara:

1. Me ya sa harajin sayayya ya fi nauyi a kan gidan mai ƙaramin samu?
2. Ta yaya dokar bindiga ta 2013 ta zama matsalar kasafin kuɗi?
3. Wace hujja magoya bayan dokar 2012 suka kawo, kuma me ya faru da ita?
4. Kin san sunan ɗan majalisar jiha mai wakiltar mazaɓarki, da abin da jiharki ta ware wa ilimi da lafiya a kasafin bana? In ba ki sani ba, a ɗora wa 'yar uwa ɗaya ta nemo kafin zama na gaba.

Allah ya ƙara mana fahimta, ya albarkaci zuri'armu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Wassalamu alaikum.