Kafin Raɓa Ta Daskare

Ɗana, na ji damuwarka. Masu hasashen yanayi sun ce a daren Alhamis sanyi zai gangara ƙasa da sifiri, alhali Satumba bai ƙare ba. Ga tumatir da tattasai maƙil a gona, ga iyalan da suka biya kuɗin kasonsu tun kafin a yi shuka suna jiran kwandonsu na kowane mako har ƙarshen Oktoba. Ka ce barci ya gagare ka. To, kwantar da hankalinka mu yi magana.

Fara da sanin daren da ya kamata ka ji tsoro. Idan akwai gajimare ko iska na kaɗawa, da sauƙi. Daren da sama ta yi wasai, taurari suka fito tar, ko ganye ba ya motsi, shi ne ƙasa ke sakin zafin da ta sha da rana, raɓa ta daskare a kan ganye dab da fitowar rana. Iska mai sanyi tana da nauyi, gangarawa take yi ta taru a kwari. Shi ya sa kunyoyin da ke ƙasan gonarku, wajen rafi, za su riga na kan tudu mutuwa, ko da tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce jifa ba. Can za ka fara.

Kada ka ce sai ka ceci komai. Ɗoɗɗoya tun kafin a kai sifiri take baƙi, ka yanke ta yau. Tumatir, tattasai, yalo, kokwamba da koren wake ba sa jure ko da ɗan daskarewa. Ka tsinke duk tumatirin da ya ƙosa, ko da kore ne, ka shimfiɗa shi a ɗaki mai ɗumi, zai nuna da kansa. Dankalin Hausa ya fi su rauni a ɓoye: idan ƙasa ta yi sanyi ƙasa da digiri 10, yana lalacewa daga ciki, ba za ka gani ba sai ya ruɓe maka a rumbu. Ka haƙe shi. Kabewa kuwa a yanko ta da guntun sandarta, a kai ta wuri mai ɗumi kamar kwana goma fatarta ta yi ƙarfi, sai ta kai ku tsakiyar hunturu. Karas, kabeji da alayyafon Turawa, rabu da su. Sanyi ma gyara su yake yi, domin yana sa su tara sukari, kuma karas da aka cire bayan raɓa ta daskare ya fi na Agusta zaƙi nesa ba kusa ba. Latas da abin da ya rage, ka ba ƙasarsu ruwa da rana, don jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya riƙe zafi, sannan ka lulluɓe su da farin yadin rufe shuka kafin faɗuwar rana, ka danne gefensa da buhunan yashi. Digiri biyu ko uku yake ƙarawa, kuma sau da yawa iyakar abin da ake nema ke nan.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ka ce kana tunanin sayo kaya a kasuwar sari ka cika kwandunan mutane don kada su gane an yi asara. Ɗana, kada ka yi. Wannan tsari na noma da haɗin gwiwar jama'a, tun da aka fara shi a Amurka a 1986, a gonar Indian Line ta jihar Masachusets da gonar Temple-Wilton ta jihar da ke maƙwabtaka da ita, an gina shi ne a kan magana ɗaya: mai saye ya biya tun farko, ya ci albarkar shekara idan ta yi kyau, ya ɗauki nasa rabon asarar idan ta ɓaci. Lokacin da kokwamba ta yi muku yawa a Yuli har kuna cusa musu ninki biyu, ai ba su dawo da ita ba. In ka ɓoye musu asarar yau, ka mayar da su 'yan cefane kawai, ka kuma ci bashin da zai bi ka har shuka mai zuwa. Ranar da wani ya ga tambarin wata gona a jikin tattasan da ke kwandonsa, amanar da kuka yi shekaru kuna ginawa ta tafi.

Ka rubuta musu yau ɗin nan, ba da kuka ba, ba da ƙarin gishiri ba. Ka ce sanyi na tafe, ga abin da za a rasa, ga abin da zai maye gurbinsa, kuma ana neman hannu ranar Laraba da yamma. Gayya ke nan, irin wadda ka sani a gida, sai dai a nan maimakon fura da kiɗan gangi za ka dafa shayi mai zafi. Wasu za su zo da 'ya'yansu. Wanda ya durƙusa a kunya yatsunsa na ƙandarewa yana tsinkar tattasai da fitilar goshi, da wuya ka ji ya yi ƙorafi in kwandon Oktoba ya zo da kabeji da karas zalla. Za a samu ɗaya ko biyu da za su yi gunaguni. Ka saurare su da kyau, ka ba su haƙuri, amma kada ka yi alkawarin abin da ƙasa ba ta ba ka ba.

Manoman yankinku sun ga abin da ya fi wannan. A 1816, bayan aman wutar dutsen Tambora na Indonesiya a 1815, raɓa ta daskare musu a Yuni da Yuli da Agusta, masara ta lalace a gonaki da dama. Kai kuwa ka riga ka kwashe mafi yawan amfanin shekararka.

Da zarar an wuce wannan makon, ka tuge matattun tumatirin, ka watsa irin hatsin da zai rufe ƙasa, ka ware tafarnuwa mafi girma don iri. Cikin Oktoba ake binne ta, kafin ƙasa ta ƙandare, a rufe da ciyawa. Ka kuma rubuta ranar da sanyin ya sauka da kunyoyin da ya fara kamawa, don baɗi ka san inda ba za ka sake sa tattasai ba. Ka gaida mai ɗakinka da yara. Allah Ya sa a kwashe lafiya.