Amsar Tambaya: Diyyar Bututun Hayaƙi Bayan Guguwa

Tambaya: Wani mai gida a Ingila yana neman sanin yadda zai karɓi diyya daga kamfanin inshora bayan iska ta rushe bututun hayaƙin gidansa.

Amsa: Inshorar gini, wato yarjejeniyar da ke kare bango da rufin gida, tana biyan ɓarnar da ta auku kwatsam, kamar guguwa ko gobara, amma ba ta biyan lalacewar da tsufa ko rashin kulawa suka jawo, misali simintin da ya daɗe yana zubewa tsakanin bulo. Saboda haka ya kamata mai gidan ya ɗauki hotuna kafin a taɓa komai, ya sanar da kamfanin nan take, ya toshe inda ruwa ke shiga, sannan ya adana rasiɗan gyara da shaidar sharar bututun, domin su ne hujjarsa idan mai tantance asara ya zo dubawa. Kamfanoni da dama suna ɗaukar iskar da ta kai mil 55 a awa a matsayin guguwa. Idan aka ƙi biyansa, ya rubuta ƙorafi ga kamfanin, kuma in mako 8 ya wuce ba gamsasshiyar amsa, yana da haƙƙin kai ƙara kyauta ga hukumar sauraron ƙorafe-ƙorafen harkokin kuɗi, wato Financial Ombudsman Service.