Sa'ad da Ɗan Riƙo Ya Komo Gidan Iyayensa

Ya ku 'yan'uwa da kuka shigo hanyar Almasihu ba da daɗewa ba, da ku da kuke bincike tukuna, ku kasa kunne ga wannan koyarwa, gama ta shafi gidaje da yawa a cikinmu.

Riƙo tsohon abu ne a ƙasarmu. Akan kai yaro gidan kakarsa domin yaye, wani lokaci kuwa ya zauna can. Akan ba gwaggo ɗan fari saboda kunya. Wani kuma wahala ce ta raba shi da iyayensa: doguwar jinya, ko mutuwar aure, ko kurkuku, ko yunwa. A shekara ta 1937, sa'ad da Mishan ta SIM ta karɓi kula da masu kuturta a Yadakunya kusa da Kano, da Babbar Ruga kusa da Katsina, da Amanawa kusa da Sakkwato, al'adar zamanin ita ce a reni jarirai dabam da iyayensu masu ciwon, domin tsoron kamuwa. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗin magungunan da ke warkar da ciwon, wannan dalilin rabuwa kuwa ya kau. Amma sauran dalilai suna nan.

Na san wata mai bi wadda ta kwanta ciwo, aka kai 'yarta wurin ƙanwar mijinta tana da wata 10. Bayan shekara 3 ta warke, aka komo mata da ita. Ta share gida, ta yanka kaza, ta ɗinka sabuwar riga. Amma yarinyar ta ɓuya a bayan zanen gwaggonta, ta ƙi hannun uwarta. Da dare ta yi ta kuka tana kiran Inna, ba kuwa innar da ta haife ta take nufi ba. Maƙwabta suka ce asiri aka yi mata. Uwar ta zo wurina da hawaye, ta ce, "Malam, ashe Allah ya tashe ni domin 'yata ta ƙi ni?"

Wannan ba asiri ba ne, ba kuma ƙiyayya ba. Ƙaramin yaro yakan manne wa bayan da ya goya shi da hannun da ya ba shi kunu. Ranar da uwa ta sami 'yarta, a ranar nan 'yar ta rabu da wadda ta sani. Domin wannan yaro yakan ƙi abinci, ko ya koma fitsarin kwance, ko ya yi shiru kamar baƙo. Makoki yake yi, ba shi kuwa da bakin faɗa.

Ku duba Littafi Mai Tsarki. Annabi Iliya ya roƙi Allah saboda ɗan gwauruwar Zarefat, da yaron ya rayu, ya sauko da shi ya miƙa wa uwarsa (1 Sarakuna 17). Elisha ya kira matar Shunem ta ɗauki ɗanta da kanta (2 Sarakuna 4). Ubangijinmu Yesu ma, da ya ta da saurayin nan a Nayin, uwarsa ya ba (Luka 7). Ba wanda ya riƙe yaron domin kansa. Haka aikin masu bi yake: mu taimaki iyaye su tsaya a matsayinsu, kada mu tsaya musu a ciki.

Na fari, ga iyaye. Ku yi haƙuri, gama sannu ba ta hana zuwa. Kada ku tilasta wa yaro ya kira ku Inna ko Baba. Sunan zai zo da kansa. Kada ku duke shi domin yana kukan mariƙiyarsa, kada kuma ku zage ta a gabansa. Ku tambaye ta abin da yake ci, da lokacin barcinsa, da abin da yake tsoro, ku bi wannan tsari tukuna. Ku bar masa tsohon zanen goyonsa. Uwa ta yi masa wanka da hannunta, uba ya zauna kusa da shi wajen cin tuwo. Idan za ku fita, ku gaya masa, ku komo a lokacin da kuka faɗa, gama da haka yaro yake koyon amincewa.

Na biyu, ga mariƙa. Kun yi aikin alheri, zafin rabuwa kuwa ba zunubi ba ne. Amma kada ku kai yaro ku sulale yana barci. Idan da hali, iyayen su riƙa zuwa gaishe shi tun kafin ranar, ya kwana ɗaya ko biyu a wurinsu ya komo. Bayan ya tare, ku riƙa leƙawa, ku yabi uwarsa a kunnensa. Kada ku yi mata gori da abin da kuka kashe.

Na uku, ga ikilisiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya tashi daga jinya ko ya fito daga kurkuku, rumbunsa wofi ne. Zumuntar mata ta kai mudun hatsi, da itace, da sabulu. Matasa su taya uban noma. Wata dattijuwa ta riƙa zuwa kowane mako, ta saurara fiye da yin faɗa. Ku kame bakinku daga tsegumi, gama kunya takan sa mutum ya ɓoye wahalarsa har ta yi yawa. Amma idan zalunci ko buguwa ne ya sa aka ɗauke yaron, dattawa su sa ido. In suka ga tabo ko yunwa a jikinsa, kada su rufe domin sunan ikilisiya. Su sanar da dangi da hukuma. Gafara ba ta hana tsaron ɗan yaro.

Matar nan da na ambata ta bi wannan hanya, gwaggon kuma ta taimake ta. Bayan wata 5, wata rana yarinyar ta taka ƙaya, ta wuce kowa a tsakar gida, ta kawo wa uwarta ƙafar.

Tambayoyi domin nazari:
1. Don me yaro yakan ƙi iyayensa sa'ad da ya komo?
2. Me Iliya da Elisha da Ubangiji Yesu suka yi da yaran da aka tayar?
3. Wane gida ne a unguwarku yake bukatar wannan taimako, me kuma za ka kai masa a makon nan?

Addu'a: Ya Uba na sama, kai da ka yi haƙuri da mu sa'ad da ba mu san ka ba, ka ba iyaye haƙuri, ka ta'azantar da yara da mariƙansu, ka buɗe hannuwanmu. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.