Yadda za ka haɗa wa tarwadar ado kogon saka ƙwai da hannunka

Yau mun ajiye kwamfuta a gefe, darasinmu a kan ƙaramar na'ura ne da ba ta buƙatar lantarki: kogon da tarwadar akwatin gilashi ke saka ƙwai a ciki.

Kifin da nake nufi shi ne Ancistrus, wanda masu sayar da kifin ado ke kira bristlenose pleco. Asalinsa kogunan Kudancin Amurka ne, yana da baki mai manne wa gilashi, kuma tsawonsa ba ya cika wuce santimita 15. Ba irin tarwadarmu ta gida ba ce, wadda ke watsa ƙwanta a cikin ciyayin ruwa ta yi gaba. A wajen wannan, namiji ne mai reno. Za ka gane shi da gashin nama da ke tsirowa a saman hancinsa. Shi ke zaɓar rami ya share, mace ta shiga ta manna ƙwai masu ruwan lemo, ta fita. Daga nan sai ya tsare ƙofa yana yi wa ƙwan fifita da fikafikansa domin ruwa mai iska ya riƙa ratsa su.

Wannan ɗabi'a ita ce ma'aunin aikinka. Kogon ya zama mai ƙofa ɗaya, kuma daidai jikin namijin, yadda zai toshe ta da kansa. Karon farko na sa wa nawa bututu mai faɗi, buɗe ta gefe biyu. Sun saka ƙwai, amma washegari na tarar da dunƙulen ya gangaro waje, sauran kifaye sun far masa.

Kayan aiki: bututun famfo na PVC mai faɗin inci 1.5, murfinsa, zarto, samfefa da abin awo.

Mataki na 1: Auna namijin ta jikin gilashi. Idan ya kai santimita 10 zuwa 12, yanke bututun santimita 15.

Mataki na 2: Goge bakin da ka yanke da samfefa har sai ya daina kartar yatsanka. Cikin kifin nan ba shi da sulke kamar bayansa, kaifi kaɗan zai ji masa rauni. Ka ɗan karce cikin bututun ma, domin ƙwai sun fi kama wuri mai kaushi.

Mataki na 3: Toshe gefe ɗaya da murfin. Ka danna shi da hannu kawai, kada ka sa gam ɗin masu gyaran famfo. Amfanin hakan shi ne za ka iya cirewa ka wanke.

Mataki na 4: Wanke da ruwan zafi zalla. Ban da sabulu, ban da omo.

Mataki na 5: Kwantar da shi a wuri mai duhu, ka danne da dutse don kada ya mirgina, ƙofar tana kallon gilashin gaba.

Idan kana son ka manna masa tsakuwa ya yi kyau, nemi silikon wanda aka rubuta an yi shi don akwatin kifi. Na banɗaki da kicin galibi yana ɗauke da maganin hana fumfuna, wanda ke kashe kifi. Ka bar shi ya bushe aƙalla awa 48, har warinsa ya tafi. Dutsen ma ka gwada shi: ɗiga masa ruwan tsami na binega, idan ya yi kumfa yana da farar ƙasa, zai sauya maka ruwa. Duk abin da ke da tagulla kuwa ka nisantar da shi.

Wanda ba ya son roba zai iya kai wa maginin tukwane wannan awon ya gina masa da yumɓu, a gasa shi sosai, ba fenti.

Bayan ka saka, riƙe zafin ruwa tsakanin digiri 23 zuwa 27. Ƙaramin ma'aunin zafi na dijital ya wadatar. Canza wani kaso na ruwan da wanda ya ɗan fi sanyi yakan zaburar da su, domin yana kama da saukar damina. Idan namiji ya shige ya ƙi fitowa ko cin abinci, leƙa da fitilar waya sau ɗaya a rana, kada ka ɗaga kogon. Ƙwan kan ƙyanƙyashe cikin kimanin mako guda, 'ya'yan su ƙara 'yan kwanaki suna rayuwa da gwaiduwar da ke cikinsu kafin su fito.

Idan ya ƙi shiga fa? Yi abin da muke yi in manhaja ta ƙi aiki: sauya abu ɗaya tak, ka jira, ka rubuta sakamako. Fara da wurin da ka ajiye shi, sannan faɗin ƙofa. Idan mazan biyu ne, sa koguna uku nesa da juna don rage faɗa.

Sai mun haɗu a darasi na gaba, inda za mu duba abincin 'ya'yan.