RIGAKAFIN RUƁEWAR TURAMEN HAƘORAN YARA

Idan yaro ya kai wajen shekara 6, turame huɗu na dindindin sukan fito masa can ƙuryar baki, bayan haƙoran yarinta. Da yake sukan tsiro ba tare da an yi famfara ba, iyaye da yawa kan ɗauka su ma masu faɗuwa ne. Ba haka ba ne. Turmin da ya lalace daga cikinsu ba shi da magaji. Wasu huɗun kuma sukan biyo baya wajen shekara 12.

Abin da ke kawo kogo

Saman turmi yana da ƙananan ramuka da tsage-tsage waɗanda buroshi ko asuwaki ba sa kai wa ƙarshensu. Nan ɓurɓushin abinci ke maƙalewa, ƙwayoyin cuta su mai da sukarinsa ruwa mai tsami, wanda ke zaizaye ɓawon haƙori har kogo ya samu. Ba aikin tsutsa ba ne.

Shafen kariya

Wannan wani siririn shafi ne mai kama da roba, wanda likitan haƙori ke cike ramukan da shi tun ba su ruɓe ba. Zai wanke turmin, ya ɗiga magani mai ɗan tsami don shafin ya kama, ya ɗauraye, ya busar, sa'an nan ya shafa, ya haska wata fitila har ya sandare. Babu allura, babu huji, kuma mintoci kaɗan sun isa.

Tushen dabarar binciken Dokta Michael Buonocore ne na ƙasar Amurka, a 1955. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta bayyana cewa shafin yana hana kashi 80 cikin 100 na ruɓewar turame a shekara biyun farko. Akwai kuma wani iri, gilas-ayonoma, mai sakin sinadarin fulorayid a hankali, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin muhimman magunguna a 2021.

Sauran matakai

Shafin saman turmi kaɗai yake karewa, ban da tsakanin haƙora. Saboda haka:

1. A goge baki safe da dare da man da ke ɗauke da fulorayid.
2. A rage wa yara alewa, biskit da lemon kwalba.
3. A nemi likita ya riƙa shafa wa haƙoran fulorayid sau biyu a shekara.
4. A riƙa kai yaro a duba shafin, domin yakan ɓare, a sabunta shi.

Iyaye da malaman makaranta, ku leƙa bakin yaranku. Da zarar sabon turmi ya bayyana, ku kai su sashen haƙori na asibiti mafi kusa. Rigakafi ya fi magani.