Yadda Ake Tanadin Kaka Domin Cefane Ya Yi Sauƙi

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, magidanci a Gwandu da Kalgo ya ji a jikinsa. Kuɗin mota ya hau, ya ja awo da kayan miya suka bi shi. Gwamnatin Kebbi ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 75,000 a 2024, amma yawancinmu manoma ne da masu ƙananan sana'o'i, ba ma jiran ƙarshen wata.

Abin da ke damuna shi ne a tsakiyar abinci muke zaune. Ga shinkafa a fadamu, ga gero da dawa da wake a tudu, ga albasar Aliero kusa da mu. Duk da haka sai mu sayar da araha da kaka, mu dawo muna saye da tsada a tsakiyar damina, ƙulli-ƙulli, wani lokacin ma bashi. Sauƙin cefane ba a ranar cefane ake neman sa ba, tun da kaka ake ƙulla shi. Ga yadda ake yi.

Mataki na farko: a san cin gida

Maigida da uwargida su zauna su yi lissafi tare, domin ita ta san tukunya, shi ya san aljihu. A yi mako guda ana lura da abin da ake aunawa kullum. Gidan da ke cin tiya ɗaya a rana yana buƙatar tiya 30 a wata, kusan 360 a shekara. Idan buhu yana cin tiya 40, buhu tara ke nan. A ƙara wani abu saboda baƙi, azumi da suna. Manomi kuma ya fara fitar da zakka, ya ware cin shekara, sannan ya kai ragowar kasuwa. Wanda ya juya wannan tsari, shi ne ake gani a wurin mai awo a watan Yuli.

Mataki na biyu: a tara kuɗi kafin kaka

Wanda ba ya noma sai ya tanadi kuɗin sari. Nan adashe yake da amfani. A roƙi uwar adashe ta sa kwasar mutum ta faɗo tsakanin Oktoba da Disamba, lokacin da hatsi ya cika kasuwa. Idan babu adashe, asusu ya isa, ko ɗan akuya da za a kiwata a sayar idan lokaci ya yi. Abin gudu shi ne rance, don kowa ya ci hatsin rance nasa ya ci.

Mataki na uku: a sayi kowane abu a lokacinsa

Gero yana shigowa wajen Satumba, wake ya biyo baya, dawa da shinkafar damina su zo daga Nuwamba. Tumatir da tattasai da attaruhu suna yawaita da hunturu, albasa kuma da rani. Shinkafa shanshera ta fi gyararriya araha, ta kuma fi jure ajiya. A riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan ana gumawa ana kaiwa inji. Idan buhu ya fi ƙarfin gida ɗaya, gida uku ko huɗu su haɗa kuɗi. Mutum ɗaya amintacce ya je Jega ko Birnin Kebbi ya saro gishiri, jarkar mai da katan ɗin sabulu, a dawo a raba. An biya kuɗin mota sau ɗaya, an kuma tsira daga ribar mai ƙulli.

Mataki na huɗu: a adana hatsi da kyau

Nan ne aikin yake, domin tanadin da ƙwari suka cinye asara biyu ce. A sheƙe hatsin, a shanya shi ya bushe sarai. A gwada da haƙori: idan ya fashe da ƙara, ya bushe, idan ya lotsa, da saura. Gero da dawa a damminsu cikin rumbu suna daɗewa, kamar yadda iyayenmu suka saba.

Wake shi ne mai rigima. Maimakon zuba masa maganin ƙwari da ke iya cutar da iyali, a nemi buhun PICS, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro. Leda biyu ce masu kauri a ciki, da buhu a waje. A duba kada ledar ta huje, a zuba waken, a matse iska, a ɗaure kowane baki daban. Idan iska ta ƙare, ƙwarin sukan mutu da kansu. Jarka mai tsabta da ba a taɓa zuba mata fetur ko magani ba ita ma tana yi, in an cika ta maƙil an rufe gam. A ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango, saboda danshi da ɓera. A kuma ware na cin wata guda, don kada a riƙa buɗe babban buhu kullum.

Mataki na biyar: a busar da kayan miya

Idan tumatir ya yi araha, a sayi kwando, a zaɓi nunannu marasa ruɓa, a wanke, a yanyanka, a shanya a kan tabarma mai tsabta bisa rumfa, ba a ƙasa inda ƙura da awaki suke ba. Iskar hunturu za ta mai da shi kauɗa cikin 'yan kwanaki. Haka ake yi wa tattasai da kuɓewa. Ganyen albasa a daka shi, a cura, a busar, ya zama gabu. Kuka da zogale da yakuwa kuwa a inuwa ake shanya su don kada su koɗe. Ita albasa a baza ta a wuri mai iska, ana dubawa ana cire wadda ta fara lalacewa.

Mataki na shida: a tsare murhu da ma'auni

A jiƙa wake kafin a ɗora, a rufe tukunya, a kashe itacen da ya rage da zarar an sauke. Kara da ɓuntun shinkafa suna rage sayen itace. Dusa ta tafi wurin dabbobi, tuwon da ya kwana ya zama ɗumamen safe. Ma'auni ya zama guda ɗaya, a kuma auna daidai bakunan da ke gida.

Wannan duka tanadin ci ne, ba ɓoye abinci don ya yi tsada ba, wanda addini ya hana. Ƙissar Annabi Yusuf ta koya mana ajiye na shekarun yalwa domin na ƙunci. Wanda bai iya buhu tara ba ya fara da ɗaya bana. Idan Agusta ta zo, rumbunan mutane suka yi ƙasa, zai buɗe nasa ya ci, har ya miƙa wa maƙwabci kwano.