Amsar Tambaya: Zanzaro zai iya kare gonar tuffa daga ƙwaron sikada?

Tambaya: Ina da ƙananan itatuwan tuffa a jihar Ohio ta Amurka. Ko zanzaro mai farautar sikada ya isa ya kare su?

Amsa: Malam, ka ƙyale zanzaron nan, amma kada ka dogara da shi kaɗai. Macen tana haƙa rami a ƙasa mai yashi, ta harbi sikada ta sandare, ta ja ta cikin ramin ta ɗora mata ƙwai. Sai dai a watan Yuli da Agusta take fitowa, alhali sikadar da ke fitowa da yawa duk shekara 17 tana bayyana ne tun Mayu, ta tsattsage ƙananan rassa tana zuba ƙwai. Kafin zanzaro ya iso, ɓarna ta riga ta auku.

Za a ce girmansa, kusan santimita 5, abin tsoro ne ga yara. Namijin ba shi da ƙari, macen kuwa da wuya ta harbi mutum sai an kama ta. Don haka kada a fesa masa guba. Lulluɓe ƙananan itatuwanka da raga mai ƙananan idanu kafin sikada ta fito, ka ɗaure ta a gindi.